Agogon da na haɗa da Arduino yana gudu, wa ya taɓa gani?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na haɗa agogo da Arduino Uno, ƙaramin allon lantarki da ake rubuta wa furogiram, da millis() nake ƙirga sakan, wato umarnin da ke ba da milisakan nawa suka wuce tun da aka kunna allon, amma kullum sai na tarar ya wuce agogon wayata. Don Allah duk wanda ya taɓa cin karo da wannan ya faɗa mana yadda ya yi.

Ɗan Lantarki: Wa alaikumus salam. Nawa ma haka ya yi. ATmega328P, wato guntun da ke sarrafa Uno, ba daga kiristal yake samun bugun 16 MHz ba, daga wata 'yar rezoneta ce ta seramik. Kuskurenta kan iya kai kashi 0.5 cikin 100, wato kusan minti 7 a yini, kuma zafi na ƙara karkatar da ita. Na sa masa DS3231, wani guntun agogo na musamman, na ɗauki bugun sakan ɗaya daga ƙafarsa ta SQW. Shi yana auna zafi yana gyara kansa, kuskurensa bai wuce kamar minti ɗaya a shekara ba. Tun daga nan hankalina ya kwanta.

Mai Fitilu: Malam, ka duba ko agogon baya yake yi ko gaba. Nawa baya ya riƙa yi, kuma fitilun WS2812, ƙananan fitilun LED masu launi, su ne sanadi. Lokacin da ake tura musu bayani ana rufe intarop gaba ɗaya, wato siginar da ke katse guntun ya yi wani aiki na gaggawa, kowace fitila tana cin maikrosakan 30. Da zarar sun yi yawa, Timer0, ma'ƙirgin cikin guntun da millis() ke dogaro da shi, zai cika ba wanda ya ƙirga, millis() ya rasa lissafi. Ina cire fitilun, agogo ya daidaita.

Mai tambaya: Gaba yake yi, Yaya. Na gode.

Malama Injiniya: To rezonetar ce. Ni aikina auna tazarar bugu ne, kuma micros(), mai ƙirga maikrosakan, bai ishe ni ba, domin a 16 MHz tsalle yake yi na maikrosakan huɗu-huɗu. Na koma Timer1, wani ma'ƙirgin cikin guntun, na shigar da siginar ta ƙafa ta 8, inda guntun ke kama lokacin da kansa, daidai har nanosakan 62.5. Kuma ƙanena, millis() kan koma sifili bayan kwana 49 da kusan awa 17. Ka riƙa debe tsohon lokaci daga sabo da unsigned long, wato nau'in lambar da millis() ke bayarwa, kada ka gwada wanne ya fi girma.