Bakanike ya karɓi kuɗin injin, mota tana ajiye: in kai shi kotu?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Ina da Golf da nake jigila da ita tsakanin Katsina da Daura. Injin ya buga, na kai ta wani gareji a nan cikin gari. Bakaniken ya ce sai an sauya, zai ɗauko Beljiyam daga Ƙofar Ruwa a Kano. Na tura masa naira dubu 650 ta banki. Injin da ya ɗora ko Mashi bai kai ba ya fara hayaƙi yana shan baƙin mai. Na mayar, tun kafin azumi take can, ƙura ta rufe gilashi, tayoyi sun sace. Kullum "gobe, Alhaji". Da motar nan nake ciyar da gida. In kira masa 'yan sanda ne, ko wace kotu zan je?

Wani direba daga Daura: Allah ya mayar da alheri. Kafin komai ka nemi shugaban makanikai na yankin, 'yan ƙungiyar NATA. Bakanike ya fi jin kunyar ogan da ya koya masa aiki a kan kowa.

Wani lauya: Malam, ka bar zancen 'yan sanda. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, sashe na 32, ta hana kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniya kawai. Ko an tsare shi, beli za a yi, kuɗinka na nan inda suke.

Abin da ya dace da kai shi ne kotun ƙananan ƙararraki. Legas ta fara ta a 2018, Kano ta biyo a 2019, jihohi suka yi ta ɗauka. Majistare ne ke zama, ba dole sai da lauya ba, kuma an tsara ta ne a gama shari'a cikin kwana 60. Ka je wajen rajistara a kotun majistare, zai ba ka fom ya faɗa maka kuɗin shigar da ƙara.

Amma ga inda mutane ke tuntuɓe: wannan kotu kuɗi tsayayye take karɓar wa mutum. In ka shiga kana cewa "ya ɓata mini mota, ya ja mini asara", ka buɗe doguwar gardama. In ka ce "ya karɓi dubu 650 don injin mai lafiya, bai kawo ba, ina son kuɗina", alƙali ya san abin da zai yanke. Saboda haka zaman da za ku yi gaban shugabansu, kada ka tashi sai an rubuta nawa zai mayar da ranar biya, ya sa hannu, shaidu biyu su sa. In ya saɓa, takardar nan ita ce ƙararka. Kuma sai ka fara aika masa takardar neman biya kafin a yi masa sammaci.

Mai tambaya: Barista, ai babu rasit. Da baki muka yi.

Lauyan: Ba ka ce ta banki ka tura ba? Ka karɓo bayanin asusunka a takarda. Saƙonnin WhatsApp da na murya kada ka goge ko ɗaya. Ka ɗauki hoton lambar injin da ya ɗora.

Wani malami: Ɗan'uwa, kotun shari'ar Musulunci ma tana sauraron irin wannan. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala, mai sana'a yana lamunin kayan da aka ba shi ya tafi da su. Sai dai ka fara neman sulhu, tun da gari ɗaya kuke.

Wani bakanike: Ku yi mana adalci kaɗan. Injin Beljiyam mu ma a rufe muke saye, dila yana ba da 'yan kwanakin gwaji ne kawai. Ni laifin da na gani, da ya ga hayaƙi bai mayar da shi Kano nan take ba. Alhaji, ka tambaye shi takardar dilan. In akwai, ku je tare. In ya fara kame-kame, to wataƙila tsohon injin ya wanke ya ɗora maka. Ka kawo wani bakanike ya duba a gabansa kafin ka janye motar, don in ta bar garejin zai ce a hannunka ta lalace.