Shin "disparate" da "different" abu ɗaya ne?

Mai fassara:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina fassara wani rahoto daga Turanci, sai na ci karo da jimlar da ta ce an tattaro bayanai daga *disparate sources*. Da farko na ɗauka kuskuren rubutu ne, *desperate* ake nufi, har na ja mata layi da jan biro. Daga baya na rubuta "majiyoyi daban-daban", amma raina bai kwanta ba. In haka marubucin yake nufi, me ya hana shi cewa *different*? Don Allah a warware mini.

Malamar Turanci:
Wa alaikumus salam. Gara da ranka bai kwanta ba, ɗan'uwa, don akwai abin da ya zube a fassarar. *Different* tana ɗaukar kowane bambanci komai ƙanƙantarsa. Biro biyu, ɗaya ja ɗaya shuɗi, sun ishe ta. *Disparate* kuwa sai abubuwan da ba jinsi ɗaya ba, waɗanda babu ma'aunin da za ka ɗora su tare, hanyar jirgi daban ta mota daban. Ka ɗauki rahoton likita, da hoton tauraron ɗan Adam, da hirar da aka naɗa a waya. Duka bayanai ne, amma ta ina za ka kwatanta su? Shi ya sa galibi take zuwa kafin suna jam'i, irin su *groups* da *elements*.

Asalinta Latin ne, *disparare*, wato a raba. *Desperate* daga *desperare* ta fito, yanke ƙauna, ba su haɗa komai ba sai kamar furuci. Ɗalibaina sukan ja ƙarshenta kamar *rate*. A gaɓar farko ake sa ƙarfi, ƙarshen kuma gajere ne.

Ɗalibin lauya:
Malama ta yi bayani, amma a duba wane irin rahoto ne. A shari'ar Amurka kalmar tana nufin rashin daidaito. *Disparate impact* shi ne ƙa'idar da a ido ba ta ware kowa ba, amma a aikace wasu take dannewa. A 1971 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Griggs da kamfanin Duke Power, ta ce sharaɗin takardar sakandare da gwajin basira da ke hana baƙaƙen fata wasu ayyuka ya saɓa wa dokar 'yancin jama'a ta 1964, tunda ba a nuna aikin yana buƙatar su ba. A nan ta fi kusa da *disparity*, wato rashin daidaito.

Mai fassara:
Allah ya saka da alheri. Nawa ba na shari'a ba ne, kuma na koma na duba: majiyoyin su ne takardun asibiti, alƙaluman ƙidaya da hirarraki. Na goge "daban-daban", na sa "majiyoyin da ba su yi kama da juna ba". Ya ɗan yi tsawo. Malama, "mabambanta" ita kaɗai za ta wadatar?

Malamar Turanci:
Ba za ta wadatar ba, ta yi sauƙi. Bar doguwar.