Harbi a wasan bols: dabara ce ko rashin ladabi?

Mai Fili: Jama'a, ni dai a ganina duk wanda ya ga abokin karawa ya kewaye jak, ƙaramar ƙwallon nan da ake nufa, sai ya sako harbi da ƙarfi ya tarwatsa komai, ya fita daga ladabin wasa. Bols wasan auna hannu ne, ka mirgina ƙwallo a kan ciyawa ta lanƙwaso ta kwanta kusa da jak.

Alƙaliya: Malam, dokokin World Bowls, hukumar wasan ta duniya, ba su hana harbi ba. Idan an fi ka da ƙwallo huɗu kusa da jak, an kuma toshe maka dama da hagu, me kake so kyaftin ya yi? Ya miƙa maki huɗu don a ce yana da kirki?

Mai Fili: Hajiya, ai doka daban, kunya daban. Wani da gangan yake fitar da jak ta gefen layi, wato yankin filin da aka ware wa wasanku, don zagayen ya mutu a sake.

Koci: Wannan kam an yi maganinta. A gasanni da yawa yanzu ba a sake zagaye, jak ake mayarwa tsakiya, mita 2 daga ramin da ke ƙarshen fili, a ci gaba. Idan ba ka ajiye ƙwallo a baya ba, kanka ka harba. Inda ladabi ya shigo shi ne gargaɗi. Ƙwallo tana kai kilo 1.59, in ta daki wata sai ta fantsama layin maƙwabta ko ta sami idon sawun mutum. Kafin ka saki, ka sanar da na can gaba, su ja baya, wani ya tsaya ya tare wadda za ta tsallaka.

Alƙaliya: Haka ne. Kuma masu ƙorafin harbi su ne ka gani suna motsi a bayan jak lokacin da wani ke kan tabarmar da ake tsayawa a saki ƙwallo. Da zarar ƙwallonka ta tsaya, aka sa mata alli in ta taɓa jak, layi ya koma hannun abokin karawa. Ka koma aƙalla mita 1 bayan tabarma, ka yi shiru, in kuma kana can wajen jak, kada inuwarka ta faɗa kansa.

Mai Fili: To ciyawata fa? Masu harbi ne ke dankara ƙwallo suna barin ramuka.

Koci: Yallaɓai, wannan laifin saki ne, ba na ƙarfi ba. Wanda bai durƙusa sosai ba, daga sama yake sakin ƙwallo, ko a hankali yake wasa sai ya ɓata fili. Ka shimfiɗa masa ragar kariya, a gyara masa hannu.

Mai Fili: Raga ina da ita. Amma ranar da aka yi ruwa fili ya yi laushi, ni dai ba wanda zai yi mini harbi a kai.