An ɗaure hannun Baba a gadon asibiti, mu yi magana ko mu yi shiru?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a sakaya sunana. Mahaifinmu ya haura shekara 80, gigin tsufa ya daɗe da kama shi, amma a gida ba ya rigima, sai dai ya ci abinci ya ce bai ci ba. Zazzaɓi da tari suka sa aka ba shi gado a wani asibiti a nan Zariya. Tun daren farko ya rikice, ya fisge allurar ƙarin ruwa, yana neman sauka wai zai tafi gona. Da safe na tarar an ɗaure hannayensa da bandeji a ƙarfen gado, wuyan hannun ya kumbura har ya yi sawu. Ya kalle ni ya ce, "Me na sata?" Yayanmu ya ce kada mu tanka, su suka san aikinsu. Ni kuwa hankalina ya ƙi kwanciya. Ku ba ni shawara.

Wata nas daga Samaru: Sannu da jinya 'yar uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Rikicewar da ta zo masa dare ɗaya ba gigin tsufan kaɗai ba ne. Zazzaɓi, ciwon huhu, cutar mafitsara, rashin ruwa a jiki, ko fitsari da bayan gida da suka ƙi fita, duk suna birkita tsoho, kuma idan aka magance su yakan dawo yadda yake. Ɗauri ƙara masa firgici yake yi. Zai ta kokawa da shi, ga gyambon kwanciya, ga majina na taruwa a ƙirji, wani ma garin kwance kansa yake faɗowa. Ana yinsa ne idan duk dabara ta ƙare, na ɗan lokaci, da umarnin likita, ana kwancewa ana duba hannun a kai a kai. Ki tsaya lokacin zagayen likitoci ki tambaya: me ya rikita shi, yaushe za a kwance? Kada kuma ku roƙi allurar barci a madadinsa, ita ma tana da nata haɗarin ga tsofaffi.

Wani ɗan uwa daga Sabon Gari: Allah ya ƙara sauƙi. Amma a yi wa ma'aikatan adalci, masu dutin dare ba su da yawa, ɗaki kuwa cike. Wa ya kwana da shi a cikinku?

Mai neman shawara: Gaskiya ba kowa, Malam. Ƙanena a baranda ya kwana.

Wata uwa daga Tudun Wada: To 'yata, nan gyaran yake. Ku roƙi babbar nas ta bar mutum ɗaya a gefen gadonsa, wanda ya fi sanin muryarsa, musamman daga magariba, lokacin da abin ke tasar musu. Na yi jinyar surukata haka. Carbinta na sa mata a hannu, aka naɗe wurin allurar, na saukar da hannun riga a kai, da ta daina ganinsa ta daina ja. Ku kawo masa tabaransa da rediyonsa. Idan ya ce gona, kada ku yi musu da shi, ku tambaye shi me ya shuka bana.

Wani malami daga Kongo: Tambaya haƙƙinku ce. Kundin haƙƙin marasa lafiya da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2018 ya tanadi a yi wa marar lafiya bayani, a kuma mutunta shi. Ki je da Yayanku, ku yi magana cikin ladabi, ku nuna musu kumburin yau ɗin nan. In an sallame shi, ku nemi likitan ƙwaƙwalwa ya riƙa duba shi, ko a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ko a asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa da ke Kaduna.