Shaft ɗin girafait na sandar golf: tauri ne matsalar ko nauyi?

Salam jama'a, abin nan ya ishe ni wallahi. Direbana (sandar golf ta bugun nesa) shaft ɗin girafait gare shi, wato dogon jikin sandar na zaren carbon ne mara nauyi, gram 50, taurin R (matsakaici), in na buga da ƙarfi sai in ji kan sandar na biyo hannuna a makare, ƙwallo ta tashi sama sosai ta karkata hagu, ni kuma badama ne. Na'ura ta auna gudun bugu na mil 95 a awa. Na gwada S (wanda ya fi R tauri) mai gram 65, karkatar ta ragu amma ƙwallo ta daina tashi, nisa ya ragu, ji nake kamar taɓarya nake juyawa. Gashi S ɗin wani kamfani ba ɗaya yake da na wani ba.

In nemi S mai gram 55 ne ko R mai gram 60?