Wanda ya taɓa kasa yafe wa kansa ya zo mu ji

Ɗan Gwammaja: Salamu alaikum jama'a. Ƙanwata ce ta kawo mini wani littafin falsafa na Turanci kan ƙauna da haƙurin zama da duniya. Na ci rabinsa lafiya lau, sai na zo babin da ake cewa mutum ya yafe wa kansa, nan na tsaya cak. Baba ya rasu a watan Afrilun 2020, lokacin kullen korona, sa'ad da ake ta mace-macen nan a cikin birnin Kano. Kwana uku kafin nan ya kira ni sau biyu ban ɗaga ba, saboda mun ɗan saɓa kan maganar aurena, na ce sai na huce. Ina Hotoro aka kai shi maƙabartar Dandolo, ko sallar jana'iza ban samu ba. To ni wane ne da zan yafe wa kaina, alhali mai haƙƙin yana kabari? Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya faɗa mini yadda ya yi.

Maman Biyu, Fagge: Allah Ya jiƙan Baba. Ni ruwan zafi na sauke a tsakar gida na shiga ɗaki ɗauko bokiti, ɗana mai rarrafe ya jawo tukunyar. Ya rayu, amma tabon yana nan daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu. Babu wanda ya ce da ni uffan, har surukata, kuma wallahi shirun nan ya fi zagi ciwo. Shekara biyar kullum in ina yi masa wanka sai na yi kuka. Rannan na ji shi a soro yana nuna wa yara hannun, yana cika baki wai da zaki ya yi faɗa. Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Ban ce na warke ba, amma tun ranar nake iya shafa masa mai ba tare da na kau da kai ba.

Malamin Islamiyya: Ɗan'uwa, tambayarka tana kan hanya, gafara ta Allah ce, haƙƙi kuma na mai shi. Sai dai azabtar da kai ba tuba ba ne. Ni da nake karantar da yaran mutane na saki uwar 'ya'yana saki uku cikin fushi, kan abin da bai kai ya kawo ba. Na yi shekara biyu ina jin kunyar zama gaban ɗalibai. Muna karatun Ihya a zaure, muka zo babin tuba, inda Imam Gazali ya ce abu uku ne a jere: sanin girman laifin, sai nadamar da sanin ke haifarwa, sai aikin da nadamar ke haifarwa. Sai na ga ashe a na biyu na kafa bukka na zauna. Aikin da ya rage mini shi ne kuɗin makarantar yara a kan lokaci, da kame bakina daga aibata ta. Kai kuma naka yana cikin Sahihu Muslim: Abdullahi ɗan Umar ya haɗu da wani baƙauye a hanyar Makka, ya ba shi jakinsa da rawaninsa don kawai uban mutumin aminin Sayyidina Umar ne, ya kuma kawo hadisin da ya nuna sada zumunci da masoyan uba yana cikin mafi girman biyayya. Baba ba shi da aminai a raye?

Ɗan Sabon Gari: Ku yi haƙuri, ni ban yarda da maganar littafi ba. Gobarar kasuwa ta watan Maris 2016 ta cinye shagona da kuɗin ajiyar mutum huɗu, waɗanda ganda ce kawai ta hana ni kai su banki. Ba falsafar da ta biya mini ko sisi. Barci ya dawo ne ranar da na miƙa wa na ƙarshe kuɗinsa, bayan shekara biyar.

Maman Biyu, Fagge: Alhaji, kai naka bashin yana da adadi ai.

Ɗalibar jami'a: Yaya, ni akasin naka ne. Wata takwas na yi jinyar Umma, na ajiye karatu, a hannuna ta cika. Duk da haka har yau ina tuna daren da ta ce in ba ta ruwa na yi tsaki don barci ya ci ƙarfina. A lokacin na karanta labarin Viktor Frankl, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Viyana. Ya samu bizar Amurka a 1941, ya bar ta ta mutu don kada ya tafi ya bar iyayensa. Aka kwashe su duka, uwa da uba da matarsa suka mutu a sansanonin 'yan Nazi, shi ya fito ya rubuta littafinsa a 1946. Abin da na ɗauka shi ne, wanda ya tsaya ma bai hana komai ba. Da ka ɗaga wayar nan, ina jin da zuciyarka ta nemo wani abin ta riƙe.

Ɗan Gwammaja: Na gode ƙwarai. Malam, na bi shawararka. Ranar Juma'a na sayi goro na je Kurmi wurin wani tsoho da suka yi shekara da shekaru suna zama da Baba a rumfa ɗaya. Da ƙyar ya gane ni, ido ya yi rauni. Ashe bai ma san mun saɓa ba. Awa guda yana ba ni labarin yadda Baba ya ɓata a Mina shekarar da suka yi aikin hajji, aka tsince shi a tantin 'yan Turkiyya yana shan shayi. Na so in tambaye shi ko Baba ya yi maganata a kwanakin ƙarshe, bakina ya ƙi. Ya ce in dawo wata Juma'ar, in taho masa da maganin ɗigawa a ido. Littafin yana nan a ƙarƙashin matashi, ban wuce babin ba tukuna.