Samfurin jirgin ceto na Trent mai tafiya da rimot: ta ina ake farawa?

SabonHannu:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar manya a kan ƙera ƙaramin samfurin jirgin ruwan ceto irin na RNLI, ƙungiyar nan da ke ceton rayuka a tekun Birtaniya da Ailan tun 1824. Ajin Trent nake so, mai tsawon mita 14.3, kuma so nake ya shiga ruwa ya yi tafiya da rimot, ba na ajiya a kanta ba. Zanen yana hannu har da yankan haƙarƙari, kuma da katako za a yi shi tun daga tushe. Wane ma'auni ya fi, 1:12 ko 1:16? Da wane katako ake rufe gangar jiki? Wane moto zai ja shi? Ta yaya ake hana ruwa bin sandar farfela ya shiga ciki? Sannan shin samfurin zai iya miƙewa da kansa idan ya kife, kamar yadda na gaske yake yi? Allah ya saka da alheri.

MaiZarto:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kafin ka yanka katako ko ɗaya, yi lissafin nauyi, domin shi zai zaɓa maka ma'auni, ba sha'awa ba.

Tsawo ana raba shi da lambar ma'aunin sau ɗaya, amma nauyi sau uku ake raba shi. Trent na gaske yana kusan tan 28. A 1:16, ka ninka 16 sau 16 sau 16, ka sami 4,096. Ka raba kilo 28,000 da shi, ka sami kilo 6.8 da ɗan ɗoriya. Tsawon zai zama santimita 89, faɗin kuma, daga mita 4.9, ya koma wajen santimita 30 da rabi. A 1:12 tsawon santimita 119 ne, amma nauyin ya haura kilo 16. Ɗaga kilo 16 daga ruwa kana durƙushe a gaɓa mai santsi ba wasa ba ne. Ga mai farawa, 1:16. Kuma tunda a tafki ko dam za ka sa shi, ka sani ruwan gishiri da na gaske ke shiga ya fi ruwan daɗi nauyi da kusan kashi 2.5 cikin ɗari, saboda haka kilo 6.7 ne zai zaunar da shi daidai kan layin ruwan da ke zane.

Wannan kilo 6.7 shi ne kuɗin cefanenka, sai ka kasa shi: gangar jiki da haƙarƙari kar su wuce kilo 2.2, daɓen sama da ɗakin matuƙi da duk tarkacensu kilo 1.3, moto biyu, sanduna, farfela da wayoyi wajen gram 900, batir gram 600. Abin da ya rage, kusan kilo 1.7, dalma ce da za ta kwanta a ƙasan ciki. Duk gram ɗin da ka ƙara a sama, daga wannan dalmar ka cire shi, kuma jirgin zai ƙara tangaɗi.

Gangar jiki a kife ake gina ta, a kan allo mai kauri milimita 18 wanda ka tabbatar bai lanƙwashe ba. Ja layin tsakiya a kansa, ka ja layin kowane haƙarƙari a gicciye da sikwaya. Haƙarƙarin da filawud na milimita 4, ka fafe tsakiyarsu ka bar baki mai faɗin milimita 15 zuwa 20. Abin da ake yawan mantawa: zane yana nuna fatar waje ne. Idan rufinka milimita 3 ne, sai ka rage milimita 3 a gefen kowane haƙarƙari, in ba haka ba jirgin zai fito da ƙarin faɗi milimita 6 kuma daɓen da ka yanka daga zane ba zai zauna ba. Kowane haƙarƙari a bar masa ƙafa da ta kai allon, daga baya a yanke.

Bayan ƙashin bayan, wato dogon katakon da ke bin tsakiyar ƙasan jirgin, ya zauna, sa siraran sanduna masu milimita 4 sau 4 daga hanci zuwa ƙeya. Sai ka naɗe samfefa a doguwar sanda ka goge bakin haƙarƙarin har sirin katako ya kwanta a kan uku a jere ba tare da ya yi tsalle ba. Rufi da balsa, wato katakon nan marar nauyi, na milimita 3, tsiri-tsiri mai faɗin milimita 8 zuwa 10, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Idan ka gama gefe guda kafin ka taɓa ɗayan, gam yana bushewa yana ja, ƙashin bayan ya karkace, jirgin kuma ba zai taɓa tafiya a miƙe ba komai gyaran akala. Hancin kansa kar ka wahala da lanƙwasa tsiri: cika shi da curin balsa ka sassaƙe.

Wurin da Trent ke ba da wuya shi ne ƙarƙashin ƙeya. Farfelolinsa da allunan akala suna cikin rabin rami da aka shigar a jikin, ga kuma ƙananan ƙasusuwa biyu a gefe da ke kare su idan ya taɓa ƙasa. Ramukan nan biyu da filawud na milimita 0.8 ake yin su, a jiƙa shi da ruwan zafi, a naɗe a jikin bututun roba ya kwana. Su fito iri ɗaya sak.

Daga nan sai zanen faiba mai nauyin gram 80 a murabba'in mita da efoksi na shimfiɗa, ba Araldite mai kamawa cikin minti biyar ba. Auna ruwan biyu daidai yadda kwalin ya ce. Ƙara mai daskararwa ba ya sa shi saurin bushewa, danƙo yake bari har abada. A zafi irin na bazara lokacin aikinsa yana raguwa wajen rabi da kowane ƙarin digiri 10, don haka kwaɓa gram 30 kawai a faranti mai faɗi, da sassafe. Cikin jirgin ma a shafe shi da efoksi ko'ina, domin balsa da ya sha ruwa ta ciki yana kumbura ya fasa fentin waje.

Injiniya_Batir:

Malam MaiZarto ya gama da katako, bari in ɗauki wuta. Gudu ba a raba shi da 16, da saiwarsa ake rabawa, wato 4, tunda 4 sau 4 ne 16. Trent yana yin not 25 (not shi ne ma'aunin gudun jirgin ruwa), saboda haka samfurin zai yi kama da na gaske a not 6 da kwata, kusan mita 3.2 a daƙiƙa. Wanda ya wuce haka ya koma kwale-kwalen tsere.

Farfela biyu na tagulla, milimita 40, ɗaya mai juyin dama ɗaya mai juyin hagu. Idan duka biyun gefe ɗaya suke juyawa, jirgin zai riƙa kwanciya a ɓangare guda idan ka taka wuta. Don samun waccan tafiyar suna bukatar juyi wajen 6,000 a minti cikin ruwa. Moto marar burushi mai faɗin milimita 35 da lambar 1000KV, wato juyi 1,000 a minti ga kowane bolt, a kan batirin caji na LiPo mai gida biyu, bolt 7.4, zai ba ka juyi 7,400 a iska, ya sauko kusa da abin da ake so a ruwa. Kowane moto da na'urar daidaita gudunsa ta amfiya 40, irin ta jirgin ruwa mai ribas, da fiyus na amfiya 25 tsakaninta da batir. Ciyawa ko leda na naɗe farfela, fiyus ne zai mutu maimakon na'urar. Kuma idan duka na'urorin biyu suna ba risiba, wato na'urar da ke karɓar siginar rimot, wuta, zare jar waya daga fulogin ɗaya, kar su yi karo.

Sandar farfela ta milimita 4, ƙarfe marar tsatsa, a cikin bututun tagulla. Ruwa yana biyo ta ne saboda abu uku: bakin bututun na ciki yana ƙasa da layin ruwa, ko babu giris, ko sandar ba ta saitu da moto ba har ta cinye bushin. Liƙa ɗan ƙaramin bututu a tsaye a kan babban da dalma, ka huda, ta nan za ka riƙa ɗura giris da sirinji. Kar ka cika shi dam, moto zai yi zafi a banza. Wajen saiti, haɗa sandar da moto da sandararren mahaɗi tukuna, ka manne kujerar moton a inda ya zauna da kansa, gam ya bushe, sannan ka musanya da mai lanƙwasa. Mahaɗi mai lanƙwasa ba maganin karkata ba ne. Ƙara da jijjiga kawai zai ba ka. Bututun allon akala shi ma ya tashi sama da layin ruwa da aƙalla santimita 2.

Eriyar risiba ta 2.4GHz ta kasance sama da layin ruwa, domin ruwa yana shanye siginar. LiPo kuma kar gida ɗaya ya sauka ƙasa da bolt 3.3, a ajiye shi a 3.8, kuma kar a bar shi cikin mota a rana.

SabonHannu:

Na gode ƙwarai, manya. To maganar miƙewa idan ya kife fa? Kuma yaushe ake manne daɓen sama?

Injiniya_Batir:

Na gaske yana miƙewa ne saboda ɗakin matuƙinsa a rufe yake ruf, idan ya kife iskar da ke ciki ta tura shi sama yayin da nauyin injuna ke jan ƙasan. A samfuri, ɗakin nan shi ne murfin da kake cirewa ka sa batir, saboda haka da ya kife ruwa zai shiga ta bakinsa. Shawarata ka bar wannan buri. Yi wa bakin ramin daɓen katanga mai tsayin milimita 15 wadda ɗakin zai rufa a kanta, ka cusa soso mai hana nitsewa a hanci da gefuna, shi ke nan.

MaiZarto:

A nan ban bi Injiniya gaba ɗaya ba. Ana iya yi, sai dai da tsada. Ana sa murfi na biyu a ƙarƙashin ɗakin, farantin roba mai gani-har-hanji da zoben roba da sukurori, a cika rufin ɗakin da soso marar shan ruwa, a ɗaure ɗakin da sukurori maimakon maganaɗisu, batir da dalma kuma a ɗaure su yadda ba za su motsa ba ko jirgin yana kife. Amma kowace sauya batir sai ka kwance sukurori takwas ko goma, sannan sanda mai ɗauke da rada da fitilu ita ke fara karyewa. A jirgi na farko, gaskiyar Injiniya ce.

Daɓe kuwa, kar ka manne shi sai jirgin ya yi gwajin ruwa. Ja layin ruwa da fensir, sa moto da batir a mazauninsu, ɗora wani abu mai nauyin kilo 1.3 a tsayin da ɗakin zai tsaya, ka sa shi a babban baho. Zuba dalma a ƙananan ledoji kana matsar da su har layin ya yi daidai gaba da baya, dama da hagu. Ka bar shi awa guda da busasshiyar takarda a ƙasan ciki. Duk inda ta jiƙe, nan ne ɗigon. Danna gefe ɗaya ka saki: idan ya dawo da sauri, lafiya, idan ya tsaya yana shawara, saman ya yi nauyi. Sannan ka manne kashi uku cikin huɗu na dalmar da efoksi, ragowar ka bar ta a sake don gyaran ƙarshe bayan fenti.

Hajiya_MaiFenti:

Sannunku da ƙoƙari. Ƙanena, tunda an ba ka kilo 1.3 kacal a sama, ɗakin matuƙi da farantin robar sitirin na milimita 1 za ka yi shi, da ƙarin tsiri a kusurwoyi ta ciki. Yanke tagogi tun farantin yana shimfiɗe, kafin haɗawa. Sitirin yana lanƙwashewa a rana mai zafi, don haka inuwa ce wurin ajiyarsa ko a bakin ruwa.

Launi ne ke sa a gane jirgin RNLI daga nesa: ɗaki ruwan lemo, jiki shuɗi mai duhu, daɓe ruwan toka. Ruwan lemo fenti ne marar rufi. Idan ka fesa shi a kan firama, wato fentin shafin farko, mai ruwan toka zai fito kamar tsatsa, komai yawan shafi. Farar firama za ka sa a ƙarƙashinsa, sannan shafi uku marasa kauri, minti 15 tsakani, gwangwanin yana nesa da santimita 25. Firama, fenti da banish duk su zama na gida ɗaya; fentin mota mai tina a kan fentin mai yana tattare shi ya yi yamutsi. Gwada a ɓallen roba tukuna. Lokacin hunturu ƙura ce abokiyar gaba: yayyafa ruwa a ƙasan ɗakin, ka kifa kwali a kan aikin da zarar ka gama fesawa.

Kafin fenti, cike ramukan jiki da filar masu gyaran mota, ka goge da samfefa mai lamba 240, sai 400 da ruwa. Salatif ɗin layin ruwa a cire shi tun fenti bai gama ƙanƙamewa ba, in ba haka ba zai ɗago baki. Daɓen da ba ya santsi kuwa, samfefa 400 ce ake yankawa daidai da zane a manne a fente. Yashi yana yin girma a wannan ma'auni.

Gilashin taga kar ka kusance shi da sufa gulu, tururinsa yana bar masa farin hazo da ba ya gogewa. Farin gam mai bushewa garau shi ne daidai, kuma bayan an gama fenti. Ƙarafunan dafawa na gefe da wayar tagulla, ka raba kaurin na gaske da 16: bututun milimita 32 ya zama waya ta milimita 2. A liƙa su da dalma a kan allon da ka huda ramuka, ba a kan jirgin ba, zafin zai lalata daɓen.

Lambar da ke jikin hanci ma tana da ma'ana. Ta Trent tana farawa da 14, tsawonsa a mita, kamar yadda a sauran jiragen RNLI ta ajin Severn ke farawa da 17, ta ajin Shannon da 13. Zaɓi jirgi guda na tasha guda ka bi hotunansa shi kaɗai, domin eriya, rada da kayan daɓe suna sauyawa daga jirgi zuwa jirgi da kuma bayan kowane babban gyara. Lambar da sunan a buga su a siririyar sitika, a manna a kan fenti mai sheƙi, sannan a rufe da banish shafi biyu.